Godiya Bayan Walimar Sallamar Malamar Rawa a Ennis

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya. Ni da maigida da yara muna miƙa godiya ga duk wanda ya tako ƙafa ya zo ɗakin taron unguwarmu a nan Ennis, a ƙasar Ayilan, ranar Asabar, wajen walimar sallamar Malama, wadda ta ajiye koyar da rawar gargajiyar Ayilan bayan fiye da shekara arba'in tana yi. Wasu daga Limerick suka taso, wasu daga Galway, har da iyalin da suka kamo hanya tun daga Dublin cikin ruwan sama, suka kuma juya a daren saboda aiki. Allah ya ba da ladan zumunci.

Da yawanku don mu kuka zo, ba ku san ta ba. Kun dai ga dattijuwa da sanda, manyan mata na rungume ta suna share hawaye. To bari in gaya muku wace ce.

Tun ba a sa ta makaranta ba take rawa. A kicin ɗin gidansu ta fara, mahaifinta ya ture tebur gefe yana yi mata kiɗa da baki. Tana 'yar budurwa aka fara gasar duniya ta wannan rawa a Dublin, a 1970, lokacin da yarinya ke hawa dandamali da gashin kanta da rigar da uwarta ta yi wa ado da allura. Daga baya ta ci jarrabawar TCRG, wato ta samun takardar koyar da rawa, ta hukumar kula da rawar Ayilan, An Coimisiún le Rincí Gaelacha, wadda ƙungiyar farfaɗo da harshen Ayilan, Conradh na Gaeilge, ta kafa. Jarrabawar ba ta wasa ba ce: sai ka yi rawar, ka koyar da yara a gaban alƙalai, ka riƙe raye-rayen taro guda 30 a ka, kuma a saka maka kiɗa ka faɗi irinsa da kunne kawai. Ta yi shekaru tana lallashin iyaye su kawo yara, ajin bai cika ba. Sai ga daren 30 ga Afrilun 1994, da Michael Flatley da Jean Butler suka yi wasan rawar Ayilan mai suna Riverdance na minti bakwai a hutun gasar waƙa ta Eurovision. Bayan nan har layi ake yi a ƙofar ajinta. Har yau idan ta tuna dariya take yi, wai abin da ta yi shekaru tana roƙo, talabijin ta yi shi a dare ɗaya.

Mu kuwa 'yar fari ce ta kai mu (ba sai na kama suna ba, kun san ta). Ta ga 'yan mata na rawa a faretin 17 ga Maris, ranar bikin ƙasar Ayilan, ta dawo gida ta hana mu sakat. Maigida ya ce bai hana ba, amma sutura ba ta da sassauci. Na je wurin Malama ina ta shirya yadda zan yi bayani, ko zama ban gama yi ba ta ce a samo wa yarinya doguwar baƙar safa mai kauri da riga mai dogon hannu, ɗankwalinta kuma ya zauna inda yake. Shi ke nan. Ranar da muka fara zuwa fesh, wato gasar da ake yi gari-gari, wata mata ta yi ƙunƙuni kan ɗankwalin. Malama ta je ta tsaya a bayan yarinyar nan, hannunta a kafaɗarta, ba ta gusa ba har aka kira lambarta. Da azumi kuma ita ke fara tambaya ko wata ya tsaya, don ta rage mata tsalle.

Na san akwai 'yan uwan da suka ga bai dace ba, 'yar Musulmi da rawa. Na ji, kuma ban ji haushi ba. Amma wanda ya zauna ya kalla ya san babu karairaya a cikinta. Hannu a miƙe a gefe, baya a tsaye kyam, aikin duk na ƙafa ne, a kan 'yan yatsu. Akwai takalmi mai laushi na raye-rayen da ake kira ril da silif jig, akwai mai tauri da aka ƙarfafa bakinsa da dunduniyarsa don ya yi ƙara. Idan yara takwas suka haɗa ƙafa da mai taurin nan a kan katako, wallahi sai ka ce luguden mata a turmi, babu wadda ke shiga bugun wata.

Abin da ba zan manta mata ba shi ne shekarar karaya. Yarinya ta diro daga tsalle, ƙaramin ƙashin gefen ƙafa ya tsage, aka sa mata takalmin asibiti, likita ya ce a manta da rawa na wani lokaci. Ta shige ɗaki ta daina magana, abinci ma sai da faɗa. Malama ta bugo waya ta ce a kawo ta aji haka nan. Ta ajiye mata kujera a gaban 'yan ƙanana, ta ba ta aikin ƙirga musu, a haon, dó, trí (ɗaya, biyu, uku da harshen Ayilan), da ɗaura musu jan zare a ƙafar dama. Dabarar tsoffin malaman rawa ce, waɗanda ke yawo ƙauye-ƙauye shekara ɗari biyu da suka wuce, suna ɗaura wa almajiri ciyawa a ƙafa ɗaya, kara a ɗayar, don ya bambance hagu da dama. A kan kujerar nan yarinyata ta gano cewa koyarwa ta fi gasa yi mata daɗi. Ƙafa ta warke, ta koma rawa, amma ba ta bar 'yan ƙananan ba har yau.

In an tambaye ni, harkar gasar yanzu ta yi tsada fiye da kima. Gashin kanti, shafe-shafe, sabuwar riga ta haura Yuro 1,000, yarinyar da ba ta gama firamare ba. Malama ba ta taɓa tilasta wa kowa ba. Tana da wani tsohon kwali a bayan mota cike da takalman da yara suka fi ƙarfinsu, kowanne da lamba a rubuce a ƙasa. Ka ɗauka, in ya matse ka dawo da shi. Namu na farko daga nan ya fito, da filasta a bakinsa.

Yanzu gwiwa ta ƙi. Amma kun ga abin da ta yi ranar Asabar. Tana zaune ta ɗora tafin hannu biyu a kan tebur ta buga takun farko, dama, hagu, dunduniya, sai ga ɗalibanta na da, wasu da jikokinsu a goye, sun tashi sun jeru ba wanda ya kira su. Ƙafafunsu ba su manta ba.

Godiya ta musamman ga makaɗa uku, mai gogen Turawa, mai akodiyon da mai gangar bodhrán, waɗanda suka ƙi karɓar ko sisi. Ga kwamitin ɗakin taro, da suka yarda a yi daren ba giya, suka kuma share mana ƙaramin ɗaki muka yi magariba da isha. Ga Hajiya babba da ta kwana suyar waina, da ƙannena mata da suka yi miyar taushe da dambun nama da zoɓo. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa sun kawo burodin soda da shayi, sun koma da cincin a jaka, har ana tambaya ta yadda ake yi. Samarin da suka jera kujeru suka kuma tsaya shara, Allah ya yi muku albarka.

Sai Alhaji, yayan maigida. Ya zo da sharaɗin kallo kawai. Da aka jera huɗu-huɗu ana fuskantar juna don rawar Siege of Ennis, layin maza ya rasa mutum ɗaya, jikokinsa suka ja shi. Ya naɗe hannun babbar riga ya shiga. Alhaji, mun gode, kuma hoton bidiyon yana hannuna, ba zan saka ba sai da izininka.

Malama, Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan, ya saka miki da alheri kan abin da kika yi wa 'ya'yan mutane.

Aji bai rufe ba. Wata tsohuwar ɗalibarta mai takardar koyarwa ce za ta ci gaba da shi duk Asabar da safe, yarinyata na taimaka mata da 'yan ƙanana, tana kuma shirin tata jarrabawar, a sa ta a addu'a. Mai takalmin rawa da ya yi wa ɗansa kaɗan ya kawo, kwalin ya dawo hannunmu. Akwai kuma kuloli biyu, faranti babba da lema shuɗiya da aka bari a ɗakin taro, suna gidana, masu su su yi mini magana.