Mai haƙa rijiya ma yana da bakin magana kan manufar ruwa

Ƙaramin kamfani gare ni na haƙa rijiyar burtsatse da gyaran famfon tuƙa-tuƙa: injin haƙa ɗaya, mota ɗaya, sai yaran aiki da muka daɗe tare. Kusan duk aikinmu na karkara ne, kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji. Saboda haka duk abin da manya suka rubuta a takardar manufa, a kanmu yake sauka kafin ya kai ga matar da ke layi da jarka.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha da tsafta, a 2010 ta amince ruwa haƙƙin ɗan'adam ne, a 2015 kuma ya zama muradi na 6 cikin waɗanda ake son cimma kafin 2030. Madalla. Sai dai har yau tambayar da ake mana a ofis ita ce rijiya nawa kuka haƙa. Da wuya ka ji an ce, wadda kuka haƙa bara tana kawo ruwa kuwa?

Ka ɗauki tsarin kwangilar nan ta "ba ruwa, ba biya". A takarda adalci ne. A daji kuwa, idan rami ya fito busasshe, man injin da kuɗin leburori a wuyan ɗan kwangila suke. To me zai yi? Zai gudu daga unguwar da ke kan dutse ya koma inda ruwa ke kusa, ko da ba can ake da bukata ba. Da ya taɓa ruwan farko zai kashe inji. Tsakuwar da ake zubawa gefen bututu a rage ta, simintin da ke hana ƙazantar sama gangarawa a yi shi sama-sama, gwajin jan ruwa na sa'o'i a gama shi kafin jami'i ya sauko daga mota. Da damina rijiyar lafiya lau. Rani na tsala sai iska.

Ga kuma bututu. Inda ruwan ƙasa ke da tsami, wato ya gaza 6.5 a ma'aunin pH (ƙaramar lamba na nufin tsami ya yi yawa), bututun ƙarfe mai rufin tutiya tsatsa yake yi da wuri, ruwa ya koma ja, ya ɓata wanki, mata su koma rafi. Uganda ta dakatar da amfani da irinsa a 2016. Na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi tsada, ita kuwa kwangila mai arha ake ba.

Bayan an ƙaddamar sai a miƙa wa kwamitin gari. Tunanin ya samo asali tun shekarun 1980, lokacin da aka ƙera famfon Afridev yadda za a iya zaro kayan cikinsa ba tare da an ciro bututu ba. Famfon India Mark II ba haka yake ba, sai an tara maza da kayan aiki an ɗago bututu ɗaya bayan ɗaya. Kowanne dai, robar da ta cinye ko boris ɗin da ya mutu ba a ƙauyen ake sayar da su ba. 'Yan kwamiti aikin sa kai suke yi, kuma ba wanda ke son bin surukinsa bashin kuɗin ruwa. Sai famfo ya tsaya ake fara karo-karo.

A wannan tsakanin ne sana'o'i ke mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna lissafa gida cikin masu ruwa idan zuwa da dawowa har da layi bai wuce minti 30 ba. Famfo na lalacewa minti 30 ɗin ya koma wuni guda, da lita 20 a ka, kilo 20 cur. Mai sana'ar cikin gida ta rufe, yarinya ta bar aji, mai buga bulo ya sallami yaransa, mai lambu ya kalli shukarsa tana ƙonewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, takardun aikin kan lissafa sha da girki kawai, kamar mutanen karkara ba su da akuya. Dabbobi da lambu kuwa dole su sha daga famfon nan, har ya gaji kafin lokacinsa. A ganina da su ya kamata a auna rijiya tun farko, da tanki da sola inda ruwan zai ɗauka, domin wanda ke samun kuɗi da ruwa ba ya jan ƙafa wajen biya.

Mu yanzu muna ƙulla yarjejeniya da garuruwa: su biya kaɗan duk wata, mu zagaya mu canza abin da ya kusa mutuwa, in an kira mu zo cikin kwanaki kaɗan. A manyan ƙauyuka tana riƙe kanta. A ƙananan da ke nesa, abin da ake tarawa ko man mota ba ya biya. Nan nake so gwamnati ta sa kuɗinta, ta biya mai gyara gwargwadon kwanakin da famfo ya kawo ruwa a shekara.