Shekara tara ina sirbeyan, abu ɗaya ya tsaya min a rai

Jiya na miƙa makullin biro, shekara tara kenan ina sirbeyan, wato mai kula da ladabin ɗalibai, a wata CEG, ƙaramar sakandare, nan cikin Damagaram, ba sai na faɗi sunanta ba. Abokan aiki sunce in bar wa sabbin da zasu zo ƴar shawara, to gata nan, amma gaskiya magana ɗaya ce ke cin raina har yau.

Cikin watan Afrilu ne, zafin nan da ko ɗigon ruwa babu a pampo, na zaga bayan masai lokacin hutun ƙarfe goma sai naji warin nan da baya ɓuya. Yaro ne ɗan tarwaziyem, ajin ƙarshe na CEG, wanda a lissafi babu mai kama ƙafarsa, tsugune da guntun wiwi naɗe cikin takardar da ya yago daga kaye ɗinsa. Yana ganina ya yar ya take da silifa, ya riƙe min hannu jikinsa na rawa yana cewa Mushe don Allah kayi min bulala ko ɗari ce amma kar ka kaini gun direkta. Ni kuma lokacin ji nake aiki nake, na finciko shi har biro. Ranar Litinin a gindin tuta direkta ya kira sunansa gaban duk lekol yace ga ɗan ƙwayarku, aka kore shi saura wata biyu da ƴan kwanaki a zauna BEPC, jarabawar fita CEG.

Uwarsa mai tuyar awara ce, safiya uku tana zuwa ta zauna a ƙasa bakin ƙofata tana cewa Malam ka dubi Allah, ubansa ya tafi Libiya shekara huɗu ba labari, shi kaɗai gareni namiji. A bakinta naji ashe ɗaki ɗaya garesu, yaron a fada, wato majalisar samarin unguwa, yake kwana, manyan fadar ke sa shi dakon jarkokin ruwa-ruwa, wato man fetur na sumoga, da dare su biya shi da tramol da wiwi. Ban tambaye shi komai ba ranar da na kama shi, wallahi ko tambaya ɗaya. Na koma gun direkta ya ce doka doka ce.

Shekara na zagayowa na caje jakar ɗan wani Alhaji na samu sigarin lantarkin nan mai ƙamshin mangwaro da ƴar ledar giya guda biyu. Uban yazo da mota, sun shiga biro minti goma basu cika ba yaro ya koma aji, direktan nan dai da bakinsa yace min Mushe a rufa asiri, ƙuruciya ce. To ɗan mai awara fa tsufa ne ya kama shi? Har na bar wurin ban ƙara gaishe da direktan da zuciya ɗaya ba.

Tun 2006 Nijar ke da dokar da ta hana saida wa yara taba, amma mai teburin bakin ƙofarmu kara ɗaya dala biyar yake basu ba tambaya, sau biyu ina rubuta takarda a tashe shi, yana nan inda yake.

Ku da zaku zo, in kun kama yaro ku ja shi gefe ku kaɗai, ku fara da tambayar ina ya kwana jiya. Jan ido ba kullum wiwi bane, wani yunwa ce wani rashin barci. Kar ku ɗauka maza kaɗai ne, akwai ƴan mata masu shisha da siro. Daga waccan shekara ban sake kai kowa gindin tuta ba, kuma cikin waɗanda na zauna dasu akwai wanda yanzu yake Jami'ar André Salifou, duk sallah sai yazo gidana.

Shi kuwa ɗan mai awara ina ganinsa bakin hanya wajen Kara-Kara yana saida esans a kwalba, haƙoransa sun dafe, da tabon wuƙa a kumatu. Makon jiya mai ya ƙare min dab da shi, ya miƙe tsaye yace Mushe ina wuni, ya juye min lita ɗaya a babur, na miƙa kuɗi ya maida hannunsa baya yaƙi karɓa.