Ranar Zaɓe Kaɗai Ake Ganinmu

A teburin mai shayin da muke zama a Anguwan Rogo, cikin garin Jos, da wuya dare ya raba ba a taɓa 'yan siyasa ba. Kowa gwani ne. Wannan ya san yadda za a gyara Naira, wancan ya san ministan da ya kamata a kora. Rannan na tambayi duk waɗanda ke kan bencin ko akwai wanda ya san sunan shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, kowace jam'iyya ce. Sai ƙarar cokali a kofi kawai ake ji.

Ni ban yarda da masu cewa matasa ba su da ƙarfi ba. A rajistar INEC ta zaɓen 2023, cikin mutum miliyan 93 da ɗoriya, sama da miliyan 37 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Yawa dai muna da shi. Inda muke kai shi ne abin dubawa.

Dubi dokar nan da ta rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018. Ta mayar da shekarun neman shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Gyaran tsarin mulki ne, don haka bayan majalisar tarayya sai jihohi 24 cikin 36 sun amince. Matasan da suka ja ragamar abin, irin su Samson Itodo na ƙungiyar YIAGA, tun 2016 suke bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, da wasiƙu, da zaman jiran ganin Yallabai, da tattaki zuwa ƙofar majalisa. Aiki ne mai gundura, ba ya kawo tafi a Facebook. Shekara biyu suka yi a kai.

A nan Filato ma mun ga abin da zai iya yiwuwa. A 2019 Abok Ayuba daga Jos ta Gabas ya zama kakakin majalisar jiha yana ɗan shekara 33. Yadda aka yi ta dambarwa da kujerar tasa a 2021 kuwa wani zance ne daban, kuma ya nuna cewa shiga ɗakin ba shi ne zama daram ba.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Gaskiya ne. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC Naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40. Amma wa ya ce daga can za a fara? Kafin sunan kowa ya hau takardar ƙuri'a, an riga an gama magana a zaɓen fid da gwani, kuma a wancan karon wakilai 'yan tsiraru ne suka yanke mana hukunci. Ko 'yar tinƙe aka ce za a yi, sai mai katin jam'iyya zai shiga layi.

Na taɓa raka wani abokina tela taron mazaɓa. A wani aji na firamare aka yi, bayan la'asar, kan bencin yara. Dattawa ne cike da gaba, sai mata da hijabansu a gefe, kowace da katinta a ƙulle cikin leda. Samari suna waje, sun fi na ciki yawa nesa ba kusa ba, riƙe da fastoci, suna jiran a fito a ba su na mai. Wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce da abokina, "Yaro, kai na wane ne?" Ya ce, "Baba, na kaina ne, na zo a rubuta ni." Dattijon ya yi dariya, amma ya miƙo masa rajistar. Yanzu duk abin da za a raba ko za a yanke a mazaɓar, sai an kira shi a waya.

Abin ya fi yi mini ciwo saboda mu 'yan Jos mun san farashin zama a waje. Rikicin Nuwamban 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya taso. Waɗanda aka binne, daga kowane ɓangare, akasari samari ne da ba su taɓa zama a inda ake tsayar da ɗan takara ba. Har yau akwai unguwannin da ɗan Gangare ba ya shiga da daddare, akwai waɗanda ɗan Anguwan Rukuba ba ya shiga.

Mu dai a layinmu mun fara karo-karo duk Juma'a, kowa da abin da ya sawwaƙa. Kansila muke so mu tsayar, wanda in kwata ta toshe da damina za mu iya buga masa ƙofa. Ba mu ma daidaita kan mutum ba tukuna, ana ta gardama tsakanin telan nan da wata malamar Islamiyya da ta fi mu duka iya magana a gaban manya.