Abin da kaurin tabo ya koya mini game da tsofaffi

Watannin da na yi a ɗakin gwajin tsoka lokacin karatun likitanci, aikina shi ne in zauna kusa da malamina yana auna kaurin melanoma a ƙarƙashin madubin likita, ni kuma ina rubutawa. Melanoma ita ce sankarar fata da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ana auna zurfinta da milimita, bisa hanyar da Alexander Breslow ya fito da ita a 1970, kuma har yau wannan awo na cikin manyan abubuwan da ke nuna ko mara lafiya zai rayu.

Na shiga da tunanin da na ɗauka ba ya buƙatar bincike: tsoho ya fi mutuwa da wannan ciwo saboda tsufa ne kawai. Lallai ciwon ya fi yawa a manya. A Amurka matsakaicin shekarun da ake gano shi ya kai wajen 65. Kafin shekara 50 mata sun fi maza kamuwa, daga nan sai lamarin ya juye, har idan aka kai 80 maza kan ninka mata kusan sau uku.

Amma da na daɗe ina cike takardu sai na fara lura da wani abu. In takardar matashiya ce, sau da yawa tabon siriri ne, bai kai milimita 1 ba. In ta dattijo ce, sai ka ga ya yi kauri, ya fashe ya zama gyambo, kuma yana a fatar kai ko wuya ko bayan kunne. Na tambayi malamina dalili. Ya ce mini, "Wa yake duba bayan tsoho?"

Wannan tambaya ta zauna mini a rai. Matashiya tana kallon madubi, ta ga tawadar Allah ta canza launi, ta garzaya asibiti. Dattijo idonsa ya yi rauni, wataƙila abokiyar zamansa ta rasu, fatarsa kuma cike take da tabban tsufa, sabon tabo ya ɓace a cikinsu. Mu ma masu duba shi muna da laifi: hawan jini da ciwon suga sukan cinye lokacin ganawa, ba a ce ya cire riga ba. Alhali idan aka kama ciwon bai bar inda ya fara ba, fiye da kashi 99 cikin 100 suna kai shekara 5 ba tare da ciwon ya kashe su ba a ƙididdigar Amurka. In ya bazu zuwa huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, kusan ɗaya cikin uku ne, duk da sababbin magungunan tayar da garkuwar jiki da suka fara fitowa a 2011.

Ba jinkiri ne kaɗai ba, dole in faɗi gaskiya. Akwai abin da ya ɗaure mini kai: an fi samun ciwon ya shiga kaluluwar da ke kusa a jikin matasa, amma duk da haka sun fi tsofaffi rayuwa. Ana danganta hakan da yadda garkuwar jiki da hanyoyin ruwan jiki ke canzawa da shekaru. Wannan ba ya hannuna. Duba fata kuwa yana hannuna.

Kuma baƙar fata ba ta hana. A masu duhun fata ciwon ya fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda ake ɗaukarsa kamar ƙurji ko taruwar jini. Yanzu duk dattijon da ya zo gabana, ko da tari ya kawo shi, nakan ce, "Baba, a yi haƙuri a cire takalmi in ga ƙafar."