Ranar da Na Sauko da Kofunan

Yau Asabar ban leƙa ko ƙofar gida ba, domin tun farkon mako na ƙudurta cewa zan sauko da kofunan gilashin da nake tarawa, masu ɗauke da tambarin kamfanonin lemon kwalba, in wanke su ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙirga su da safe sai na tarar sun kai 37, kuma ƙura ta lulluɓe na sahun baya har rubutun jikinsu ya dushe.

Na shimfiɗa tawul a gindin roba, na zuba ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, sannan na riƙa bin kowane kofi da tsumma mai laushi. Ba na yarda soso mai kaushi ya taɓa su, kuma ba na sa su a injin wanke kwanuka, saboda tambarin fenti ne da aka buga a jikin gilashin aka gasa shi da wuta, dabarar da ta yaɗu tun shekarun 1930, kuma zafi da sabulu mai ƙarfi suna cinye shi sannu a hankali. Na taɓa yin wannan kuskure da wani kofin Pepsi, ja da shuɗin jikinsa suka koɗe, har yau ina jin ciwon abin.

Na fi daɗewa a kan kofin Coca-Cola mai siririn gindi da faɗin sama. Akwai wani ɗan layi da aka zana kusa da ƙasansa, wanda na ɗauki shekaru ina zaton ado ne kawai, sai daga baya na gane cewa ma'auni ne da aka kwaikwayo daga kofunan farko. A wancan zamani, a kantunan magani na Amurka, mai sayarwa yakan zuba ruwan zaƙi mai kauri har ya kai layin, sannan ya cika kofin da ruwa mai gas a gaban mai saye. Haka aka fara sayar da lemon a birnin Atlanta a shekarar 1886, bayan John Pemberton ya haɗa shi, kuma akawunsa Frank Robinson ne ya tsara rubutun sunan mai lanƙwashe-lanƙwashe. Kwalbar nan mai ƙugu da kowa ya sani ba ta zo ba sai a 1915, daga kamfanin Root Glass na jihar Indiyana. Ke nan kofi ya riga ta, abin da nake ganin mutane da yawa ba su lura da shi ba.

Bayan la'asar Yayata ta zo, ta tarar da ni zaune a tsakiyar kofuna. Ta buɗe jakarta ta fito da wani abu naɗe a jarida, ta ce, “Ƙanena, ga wannan, na san a wurinka ya fi dacewa ya zauna.” Ina warware takardar na gane shi tun kafin in ga tambarin. Tambulan ɗin Fanta ne na marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ba wanda yake taɓawa a gidanmu sai shi. Fentin ya goge a daidai inda babban yatsansa yake sauka, kuma akwai ƙaramar ɓantara a gindinsa.

A idon masu tara irin waɗannan kofuna, wannan ba shi da wata daraja, domin abin da suke nema shi ne kofin da launinsa bai tashi ba, wanda ko ruwa bai taɓa gani ba. Ni ma na bi wannan ra'ayi shekara da shekaru, har ina haddace cewa a Jamus aka fara yin Fanta a 1940, kuma mai ɗanɗanon lemon zaƙi a birnin Naples na Italiya ta fito a 1955. Amma da na riƙe shi yau, abin da ya dawo mini shi ne ƙarar kumfa idan Baba ya karkata kofin yana zubawa a hankali, da yadda muke tsaye muna jira ya rage mana kurɓi ɗaya a ƙasa. Na ce, “Yaya, kin tuna yadda yake ɗaga shi ya duba a haske kafin ya sha?” Ta gyaɗa kai kawai, muka yi shiru na ɗan lokaci.

Ba zan sha komai a cikinsa ba, domin fentin tsofaffin kofuna yakan ƙunshi dalma, abin tsoro ne musamman idan zanen ya kai kusa da baki. Da magariba ta gabato na mayar da sauran cikin kabad, na ja kofin Coca-Cola baya kaɗan, na ajiye na Baba a sahun gaba, na juyo da gefen da ya goge yana kallon ɗaki.