Godiya ga Mutanen Tashar Jirgin Ƙasa ta Garges-Sarcelles

Assalamu alaikum. A madadin iyalinmu na nan Faransa da na gida Damagaram, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga bayin Allah da suka tsaya a kan mahaifinmu ranar Juma'ar da zuciyarsa ta tsaya a tashar Garges-Sarcelles, wadda ke kan layin RER D a jihar Val-d'Oise, arewa da birnin Paris.

Baba ya zo mana ziyara ne, kuma tun saukarsa yake da burin yin sallar Juma'a a Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926. Mun fito cikin sanyin watan Janairu, muna tsaye a dandamali muna jiran jirgin da zai bi ta Saint-Denis da Gare du Nord ya kai mu Châtelet-Les Halles, sai ya dafa kafaɗata ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin in buɗe baki ya sulale ƙasa. Igiyar carbinsa ta tsinke, 'ya'yan suka warwatse a kan siminti, ni kuwa na rasa abin yi sai kiran sunansa.

Godiyata ta farko ga wata ma'aikaciyar jinya ce da ke jiran jirgi ɗaya da mu. Ta yar da jakarta, ta durƙusa a kan simintin nan mai sanyi, ta duba numfashinsa, da ta ga babu sai ta fara danna ƙirjinsa da hannu biyu tana ƙirgawa da ƙarfi, ba ta saurara ba duk da gumin da ya keto mata a cikin wannan hunturu. Ita ce ta nuna wani matashi da yatsa ta ce ya kira 18, lambar 'yan kwana-kwana, waɗanda a ƙasar nan su ne sukan fara isowa idan mutum ya faɗi a waje. Ban samu sunanta ba, kuma wannan yana damuna har yau, domin a ganina babu wanda yake bin mu bashi kamarta.

Ina godiya ga ma'aikacin tashar da ya sheƙo a guje da na'urar farfaɗo da zuciya. Da yawa daga cikinmu muna wuce irin wannan akwati a jikin bango kullum, muna zaton na likitoci ne kaɗai, alhali tun 2007 dokar Faransa ta ba kowa damar amfani da ita, kuma na'urar da kanta take faɗin abin da za a yi. Da idona na ga an manna wa Baba faifai biyu a ƙirji, aka ce kowa ya janye hannu, jikinsa ya zabura sau ɗaya. Likitan zuciyar da ya karɓe shi daga baya, wanda ya sa masa ɗan bututu a jijiyar da ta toshe, ya shaida mana cewa mintocin nan na farko su ne Allah ya sa suka zama sanadi.

Haka kuma ina godiya ga 'yan kwana-kwana da tawagar SAMU, wato likitocin agajin gaggawa, da ma'aikatan asibitin da suka yi haƙuri da dattijon da ba ya jin Faransanci. 'Yan uwa 'yan Nijar da 'yan Najeriya na Sarcelles, Pierrefitte da Saint-Denis sun yi ta sintiri da abinci da addu'a, wasu kuma suka karɓi kai yarana makaranta har muka samu kanmu. Allah ya bar zumunci.

Akwai kuma wanda ban ma ga fuskarsa ba. Bayan kwana uku na koma tashar neman hular Baba, sai ma'aikaciyar da ke tagar sayar da tikiti ta miƙo mini ita tare da wata 'yar ambulan, ta ce wani ɗan makaranta ne ya tsince 'ya'yan carbin ɗaya bayan ɗaya ya kawo. Mun ƙirga muka samu 97 cikin 99. Baba ya ce kada a saya masa sabo, a cika biyun a sake shirya masa wannan, kuma da shi yake lazimi yanzu a gida yayin da yake murmurewa.

Duk wanda yake tashar a safiyar nan kuma ya san ma'aikaciyar jinyar, ina roƙonsa ya isar mata cewa dattijon yana raye, yana tafiya da ƙafafunsa, kuma yana so ya gode mata baki da baki kafin ya koma Damagaram.