Motar da ta riƙa ja dama, da abin da ta jawo mini

A ƙarshen watan nan zan bar garejin da na shafe shekara bakwai a cikinsa, kuma a duk motocin da suka ratsa ta hannuna babu wadda ta tsaya mini a rai kamar wata Sharan ta haya da ke jigila tsakanin Kano da Zariya. Direbanta, wani dattijo mai sanyin magana, ya kawo ta da ƙorafin cewa tana ja dama. Ya ƙara da cewa idan ya tashi daga tasha da safe lafiya ƙalau take tafiya, sai ya wuce Kura sannan sitiyari ya fara yi masa gardama, kuma idan ya taka birki da ƙarfi sai ta karkata hagu. Maganin matsalar yana cikin wannan bayanin nasa, amma daga ni har Oga babu wanda ya tsaya ya saurare shi.

A lokacin Oga bai daɗe da sayo injin alayimen mai kwamfuta, wato na saita tayoyi, ba, don haka duk motar da aka ce tana ja gefe kansa ake ɗora ta, tunda dole injin ya mayar da kuɗinsa. Na ɗora ta, allon ya nuna tayoyin gaba sun ɗan buɗe baki, na saita su, na zaga da ita layinmu sau ɗaya, na miƙa mukulli. Bayan kwana biyu dattijon ya dawo. Oga ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba ya yanke hukuncin a canja tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, da bushin, robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙasan mota, aka tura ni kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayo, mutumin ya biya daga kuɗin da ya kamata ya kai wa mai motar. A zuwansa na uku sai da ƙauri ya riga shi shigowa garejin. Wilin gaba na dama ya yi baƙi ƙirin da ƙurar birki, fad ɗin birki ya cinye har ƙarfe, faifan da yake matsewa kuma ya canja launi saboda zafi. Ya ce saura ƙiris ya sauka daga kwalta a kusa da Kwanar Dangora da fasinjoji cike da mota.

A gaban kowa Oga ya juyo ya ce, "Kai, ban ce maka ka duba birki ba?" Allah ya sani bai faɗa ba, yaran gareji ma sun sani, amma babu wanda ya ɗaga kai. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka ce ba ka gano ba, ai da na nemi wani wurin." Wannan maganar ta fi yi mini zafi a kan kuɗin faifai da fad da aka riƙa cirewa daga rabona har wata biyu. Ba zan wanke kaina ba, domin da na yi tafiya mai ɗan nisa da motar na kuma kai hannuna kusa da wilin biyu na gaba, da zafin kaɗai ya faɗa mini inda cutar take. Sai dai wanda ya ba da umarni bai cire ko sisi daga aljihunsa ba.

Da yammacin ranar, bayan an watse, na ɗaga motar da jak, na tattaka birki, sai tayar dama ta ƙi juyawa. Da na kwance ɗan nonon da ake fitar da iska a jikin kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, man birki ya yi tsartuwa, tayar ta sake nan take. Ashe robar da ke kai man birki ce ta ruɓe daga ciki, tana barin mai ya wuce idan an taka, tana hana shi komawa idan an saki, alhali daga waje babu abin da ya same ta. Shi ya sa jan ba ya bayyana sai an sha taka birki a cunkoson gari ƙarfe ya ɗauki zafi, shi ya sa kuma take komawa hagu wajen tsayawa, domin birkin da ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi, sai na ɗaya gefen ya rinjaye shi. Da tayar ba ta sake ba, da na tuhumi fistin ɗin kalifa ko fil ɗin da take zamewa a kai. Kuɗin robar bai kai rabin na tayarod ɗin da muka sa mutumin ya saya ba.

Tun daga ranar ba na ɗora mota a injin sai na tambayi direba yaushe take jan: kullum, ko sai an taka birki, ko sai an ba ta wuta. Ina fara auna iska da geji bisa adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, domin mota tana bin gefen da iskarsa ta yi ƙasa, kuma yawancin masu faci da bugun yatsa suke aunawa. Ina musanya tayoyin gaba biyu, idan jan ya koma ɗaya gefen to laifin taya ne. Buɗewar bakin tayoyi, wadda na ɓata lokaci a kanta, cin taya da karkacewar sitiyari take jawowa, ita kuwa ja gefe ta fi zuwa daga bambancin kwanciyar tayoyin biyu, musamman bayan rami ya lanƙwasa hannun ƙasa, ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa. Titi ma da gangan ake karkata shi domin ruwa ya gangara, kuma tunda a dama muke tuƙi tun 1972, ɗan gangarawa dama a hankali ba cuta ba ce.

Dattijon bai sake shigowa garejin ba, amma a bara ya aiko ƙaninsa da wata Golf, da sharaɗin cewa ni zan duba ta, kuma a gaban Oga aka isar da saƙon. Iska ce kawai ta yi ƙasa a tayar hagu, na ƙara mata, ban karɓi komai ba.